Yaya, ga labarin takardun fanfar daga Liyon ta Faransa

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da yaran fanfar ɗinka, ƙungiyar nan taka ta masu busa. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata man shafawar gwiwa yana cikin saƙon. Ka sa ni in duba maka takardun kiɗa, na kuwa duba har na zarce abin da ka sa ni, shi ya sa amsar ta daɗe.

Ka san tun bara nake zuwa busa duk daren Alhamis a wata ƙungiyar unguwarmu, irin wadda suke kira armoni. Mun kusa arba'in: da direban bas, da ɗalibai, da wata tsohuwa mai kilarinet da ta haura saba'in. Ranar da na fara zuwa, ban ko buɗe akwatin turumpet ba wani dattijo ya miƙo min jakar kwali. A ciki takardu goma sha biyu, kowace an rubuta mata turumpet ta biyu a ka. Nawa ne ni kaɗai. Ya haɗo min da fensir, ya ce ba a sa wa takardar nan biro, don bayana wani zai karɓa. Ina riƙe da su sai littafin Mushe ya faɗo min a rai, mai shuɗin bangon nan da muke ja wa layi biyar-biyar da rula, mu goma sha huɗu muna leƙen shafi guda. Da shi muka yi macin 18 ga Disamba 2015, lokacin Maraɗi Kwalliya. Da ka ce min gara ta cinye rabinsa, wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

A nan buga takardar kiɗa sana'a ce mai tsohon tushe. Gidan Henry Lemoine na Paris yana yi tun 1772. Akwai Robert Martin kusa da garin Makon, tafiyar kamar awa guda daga nan, su sun fi ƙarfi a kiɗan masu busa. Na Hal Leonard daga Amurka da De Haske daga Holan su ma sun cika kantuna. Sababbi ba sa yankewa, kuma kafin ka saya kana iya sauraron kiɗan a intanet kana bin shafukan da ido. Da na je Paris na bi ta titin Rome, bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare, inda kantunan goge da na busa da na takardu suke jere kamar ƴan atamfa a babbar kasuwa.

Abin da ya fi burge ni ba yawan ba ne, auna ƙarfin yaro ne. Kowane kiɗa da matakinsa, daga 1 har zuwa 5 ko 6. Na matakin farko, mai rubutun ya san yaron bai fi wata shida da riƙe ƙarfen ba: ba zai kai shi muryar da leɓensa bai isa ba, kuma zai bar masa wurin numfashi. Mu kuwa macin sojoji aka ɗora mana tun ranar farko, wanda leɓensa ya fashe ya gudu, aka ce ba shi da baiwa. Yara nawa muka rasa a haka?

Sannan ga amsar abin da ya dame ka, cewa ka raba wa kowa takarda guda amma busar ta ƙi haɗuwa. Ba laifin yaran ba ne. Turumpet da kilarinet idan suka karanta muryar da ake kira do a takarda, wata murya daban, si bemol, ke fita. Saksofon alto idan ya karanta do, mi bemol ke fita. Sarewar Turawa ce ke faɗin abin da ta gani. Dole kowane ƙarfe a rubuta masa nasa. Saboda irin fanfar ɗinka, wadda bana turombon biyu, baɗi babu ko ɗaya, suka fito da wani tsari: a raba kiɗa kashi huɗu ko biyar, kowane kashi a buga shi da muryar do, da si bemol, da mi bemol, da fa. Duk abin da ka samu a hannun yaro, akwai takardarsa. Irin wannan na saya maka guda biyu, mataki na 1 da na 2.

Tsada kam akwai ta. Guda ɗaya, da babbar takardar shugaba da na kowa da kowa, yuro 78 na biya, jika 51 da ɗoriya a sefa, kuma kiɗan minti uku ne. Na biyun na yi odarsa ta intanet, ya zo babu kashin bas, sai da na yi mako uku ina rubuta musu kafin su aiko. Fotokopi kuma ba a yinsa sakaka. Makarantun kiɗa suna biyan wata hukuma mai suna SEAM, ta ba su ƙananan tambura da ake manna wa duk shafin da aka kwafa. Da farko abin ya yi min nauyi, amma da na ga wanda ya rubuta wani kiɗan da muke busawa, mutum mai rai da iyali, ya zo ya zauna a bayan zaure yana saurare, sai na gane inda kuɗin ke tafiya. Na kyauta ma akwai: shafin IMSLP, da aka buɗe a 2006, cike yake da tsofaffin kiɗa waɗanda masu su suka daɗe da rasuwa, sai dai yawancinsu sun fi ƙarfin ƴan koyo.

Yanzu ga inda zuciyata take. Na bi kantin nan da wancan, ban ga komai namu ba. Ko taken ƙasarmu Nijar da majalisa ta amince da shi a Yunin 2023 ban samu ba, alhali shi ne yaranka ke koya da kunne daga salula. Ka nemi wani a cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, ko cikin masu busar soja, ya taimaka maka da shi.

Wani dare na kunna wa shugabar armoninmu hoton hawan salla da ka turo min daga ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Ta sa na maimaita sau huɗu, fensir a hannu. Kakaki bai ba ta wuya ba, muryoyinsa kaɗan ne. Algaita ce ta tsayar da ita. Ta ce wasu muryoyin suna faɗawa tsakanin layuka, sannan ta tambaye ni ina mutumin yake numfashi, don ba ta ji ya tsaya ba. Na nuna mata yadda yake cika kumatu yana shaƙa ta hanci busa na tafiya. Na kuma gaya mata kirari yake yi, magana ce, wanda ya ji Hausa ya san wa ake kira. Ta ajiye fensirin ta ce takarda ba za ta ɗauki wannan duka ba. Gaskiya ta faɗa. Amma ni ina ganin ko rabi ta ɗauka, yaran lakwal za su busa abin da kakanninsu suka sani, kuma masu wannan busar tsufa suke yi.

Na fara koyon MuseScore, manhaja ce ta kyauta da ake rubuta kiɗa da ita a kwamfuta, ita da kanta take juya wa kowane ƙarfe muryarsa. Don Allah ka je wurin masu algaita da goronka, ka nemi izininsu, ka gaya musu abin da za a yi da shi, kada a ɗauka a ɓoye. In sun yarda, ka ɗauko min taken guda biyu, kusa-kusa, ba cikin hayaniya ba. Ka rubuto min kuma ƙarafan da kake da su, da waɗanda maɓallansu suka maƙale.

Saƙon zai iso Yamai ƙarshen wata, a sako maka a mota. Takardun suna cikin leda biyu, na haɗa da fensir ashirin da man maɓalli kwalba uku. Ka sa su a akwatin ƙarfe, ka ɗora shi bisa bulo, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Ƙaninka.