Bizines santar da ke tura faks da kwamfuta a Birnin Kebbi, abin da na gani

Jama'a assalamu alaikum. In dai kana Birnin Kebbi ko kewaye kuma wani kamfani ko asibiti ko makaranta ta ƙasar waje ta kafe ta ce sai dai ka turo mata takarda ta faks, to kwantar da hankalinka, ba sai ka shiga motar Sakkwato ko Kano ba, akwai wata bizines santa nan cikin gari da ke yin aikin kuma da kwamfuta mai shagon yake yi, ba da wancan tsohon injin mai ƙugi da takardar nadi ba. Ba zan kama sunan shagon ba saboda akwai abubuwan da zan soka a ciki kuma ban son in ɓata ma bawan Allah kasuwa. Amma dai aikinshi ya yi, wanga shi ne gaskiya.

Na san wasu za su ce wa ke wani faks yanzu ga WhatsApp ga imel. Wallahi ana yi. Mu nan ne munka yi tsalle daga layin NITEL zuwa salula tun da GSM ya shigo a 2001, layukan girke sunka mutu ɗaya bayan ɗaya, har yaran yanzu ba su san Birnin Kebbi na da lambar gari 068 ba. Amma can inda layin girke bai taɓa mutuwa ba faks na nan da ranshi. A Japan har a 2021 wani ministansu mai suna Taro Kono ya yi yunƙurin raba ma'aikatun gwamnati da faks, ma'aikatu da dama sunka ce ba su yarda ba. Asibitoci a Amurka da ɗakunan likitoci a Jamus har yau da shi suke musayar takardun marasa lafiya. Yaranmu ma masu kasuwancin intanet da ke buɗe kamfani a Amurka, in sun zo neman lambar haraji wajen IRS, hukumar harajin Amurka, faks na cikin hanyoyin da ake tura fom ɗin SS-4 daga waje.

Mu abin da ya kai mu shi ne kawuna na da ƙaramin injin casar shinkafa, ni ke riƙe mishi takardu, to akwai wani dillalin kayan gyara na hannu a Japan da munka daidaita da shi ta imel, komai ya tafi lafiya lau har anka zo maganar oda, sai mutumin ya ce shi dokar kamfaninsu takardar oda mai sa hannu da sitamfi ta faks take shigowa, ba ya karɓar hoto ba ya karɓar PDF. Munka roƙa ya ƙi. Haka anka yi mana kwatancen shagon.

Abin da ya fara burge ni, mai shagon bai yi mana rufa-rufa ba. Kawu ya tambaye shi "Malam ina injin faks ɗin naka, ni ban ga komai ba sai kwamfuta", sai ya ce "Alhaji ai ita ce injin, ni ba ni da layin tarho, ina biyan wani kamfanin waje kuɗin wata-wata, ni in tura musu takardar ta intanet su kuma su buga lambar da layinsu su isar." Shi ke nan fa. Wato takardarka na fita daga sikana ta zama PDF, ta hau intanet zuwa kwamfutocin wancan kamfanin, daga can a maida ta irin sautin nan da injin faks ke ji, injin mutumin Japan ya tofo ta a takarda kuma shi bai ma san ba inji ne ya turo ba. Irin waɗannan kamfanonin na da yawa, akwai eFax akwai Fax.Plus da sauransu, ban tambaye shi wanne yake amfani da shi ba don wanga sirrin kasuwarshi ne.

Inda na ƙara ganin ya san aikinshi shi ne wajen shirya takardar, kuma nan ne nake son mutane su saurara da kyau don ko ba shagonshi kunka je ba zai amfane ku. Faks bai san launi ba, bai ma san toka-toka sosai ba, baƙi da fari kawai ya sani, kuma ƙarfin ganinshi kaɗan ne, ɗigo kusan 200 a kwance da kusan 100 a tsaye cikin inci guda in an tura a matakin da aka saba, in an zaɓi mai kyau ya koma kusan 200 da 200. Shi ya sa rubutu ƙanana ke narkewa, hoton fasfo ya koma baƙin dunƙule, sitamfi mai ruwan shunayya da tawadarshi ta fara bushewa ya ɓace ɗungurum. Takardarmu kawu ya sa hannu da shuɗin biro mai siririn baki, mai shagon na dubawa ya ce wagga ba za ta fita ba, ya sake buga mana sabuwa da manyan haruffa, ya miƙo baƙin biro mai kauri anka sake sa hannu, ya ɗiga ma kushin sitamfin baƙar tawada munka danna da kyau, sannan ya sikana a baƙi da fari ya faɗaɗa a allo ya nuna mana lambobin kayan ɗaya bayan ɗaya ya ce mu tabbatar 8 bai yi kama da 3 ba, 6 bai yi kama da 5 ba. Wanda ya taɓa yin odar kayan inji ya san abin da lamba guda ke jawowa, a aiko maka ƙarfen da bai shiga injinka ba daga wata duniya kuma babu mayarwa. Bai caje mu kuɗin sake bugun ba.

Lambar ma shi ya gyara. Dillalin ya rubuto ta yadda suke bugawa a cikin gida da sifili a gaba, shi kuma ya cire sifilin ya sa +81, lambar ƙasar Japan. Ya kuma tuna mana Japan na gabanmu da awa 8, wato in munka tura da la'asar su can dare ya raba, injin zai karɓa amma kar mu zauna jiran amsa ranar. Da ta tafi ya buga mana rahoton isarwa, mai ɗauke da lambar da anka tura ma, da lokaci, da yawan shafi, da alamar cewa ta shiga. Don Allah duk inda kunka tura faks kar ku tashi ba ku karɓi wagga takardar ba, ita ce shaidarku in gobe an ce ba a gani ba.

To yanzu ga inda ban ji daɗi ba, kuma na faɗa mishi baki da baki ba a nan na fara ba. Karɓar amsa. Lambar faks ɗin da yake ba mutane tashi ce, guda ɗaya tal, lambar ƙasar waje ce kuma duk wanda anka turo ma takarda cikin imel ɗin mai shagon take faɗawa. Ma'ana takardar asibitin wani da takardar bankin wani da rasit ɗinmu duk kwando guda. Lokacin da yake neman tamu ina tsaye a bayanshi ina ganin sunayen mutane a allo, fayil-fayil birjik a fuskar kwamfutar, wasu har da kwafin fasfo, kuma wagga kwamfutar ita ce yaran makaranta ke zama kanta suna cike fom. Wanga ba ƙaramin abu ba ne. Garinmu ƙarami ne kowa ya san kowa, matar aure ta tura sakamakon gwajin asibiti a ce yaron shago ya karanta, ina amfanin haka. Na ce ya goge tamu a gabana ya goge, har cikin kwandon shara na kwamfutar da cikin imel, bai yi musu ba, amma bai kamata sai mutum ya roƙa ba. Ya ware kwamfuta guda mai fasawod don wanga aikin kawai, abin da ya rage mishi ke nan. Kuma ku ce ma mai turo muku ya rubuta sunanku da lambar wayarku manya a shafin farko, in ba haka ba takardarku na iya kwana a can ba a san mai ita ba.

Kuɗi kuma da ɗan tsada, shafi guda ya fi kuɗin buga takarda mai launi nesa, ya ce shi da dala yake biya shi ya sa in dala ta motsa shi ma ya motsa. Na yarda da uzurin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne babu farashi a rubuce a bango, sai ka tambaya. Sannan in oga bai nan aikin ya tsaya cak, yaronshi hotokwafi da laminatin kawai ya iya, don haka ku kira kafin ku taso. Yana da sola da inbata, wuta ba ta tsaida shi, sai dai in sabis ya yi rauni a ɗan jira.

Akwai kuma maganar da ta sa na ƙara ganin girmanshi. Kawu da ya ga abin da sauƙi sai ya ce me zai hana mu sayi namu kayan mu riƙa yi a ofis, don ya ji ana cewa akwai wani ɗan modem na USB da ke maida kwamfuta injin faks har ta riƙa amsa waya. Mai shagon na da irinsu a cikin gilashi sun yi ƙura, da ya so da ya sayar mana ya ci ribarshi, amma ya ɗauko guda ya juya bayanshi ya nuna mana ɗan ramin da ake soka igiyar tarho ya ce "Alhaji wanga rami layin girke yake nema, kana da shi?" Babu. Ya ce to ka riƙe kuɗinka. Kuma gaskiyarshi, manhajar ma kyauta take, Windows Fax and Scan na cikin Windows 7 da Windows 10, a Windows 11 ma ana iya ƙara ta, modem ɗin shi ma ba ƙarya ba ne yana aiki, yana tura shafi a gudu irin na yawancin injinan faks, amma sai da layin tarho na waya mai ƙarar nan in ka ɗaga kan tarhon. Modem ɗin burawuzin da muke sa ma SIM wani abu ne daban, suna kawai sunka haɗa. Ita ma wayar tebur mai SIM da ake sayarwa a kasuwa ba ta maye gurbin layin girke, domin hanyar GSM matse sauti take yi don ya dace da muryar mutum, shi kuma sautin faks in anka matse shi ya lalace. Don haka duk wanda ya ce zai sayar maka da modem ka yi faks da layin salularka a Kebbi, ka tambaye shi ya gwada a gabanka tukuna.

Batun amsa waya shi ne wanda ya fi damunmu a gaskiya, fiye da faks ɗin ma. Lokacin kaka manoma da 'yan sari daga Argungu da Augie da Suru da Bunza kira suke yi ba dare ba rana, ana so a ji ko akwai layi a inji, ko nawa ake casar buhu, mu kuma muna cikin ƙarar inji ba ma ji, mutum ya kira bai samu ba sai ya kai shinkafarshi wani wuri. Da za a samu kwamfuta ta ɗauka ta ce ga farashi ga lokacin buɗewa ka bar saƙo, da mun huta. Mai shagon ya ce a zamanin layin girke ana yin haka, amma sai modem ɗin ya zama mai ɗaukar murya ba faks kaɗai ba, kuma sai an sa wata manhaja daban don ta Windows ba ta amsa kira, sannan kwamfutar ta kwana a kunne. Yanzu kuma in ana son irin haka da SIM sai an sayi wani akwati da ke haɗa layin GSM da kwamfuta a ɗora manhaja irin Asterisk, ya ce shi bai taɓa haɗawa ba kuma ba zai koyi aski a kanmu ba.

Abin da ya yi mana a madadin haka shi ne ya sa mana WhatsApp Business a wayar ofis, ya rubuta saƙon da ke fita da kanshi in an yi mana magana ba ma kusa, da farashi da lokacin aiki, ya haɗa ta da laftof yadda zan riƙa dubawa daga tebur. Ya gargaɗe ni kar in bar wayar a aljihun tebur ta wuce kwana 14 ba a buɗe WhatsApp ɗin ba don laftof ɗin zai fita da kanshi. Ya taimaka wajen 'yan kasuwa masu rubutu, amma bai warware matsalar ba, domin saƙon rubutu ne shi kuma manomi kira yake yi, da yawansu ma ƙaramar waya ce a hannunsu ba ta WhatsApp, wani kuma ko yana da ita boko bai dame shi ba. Har yanzu dai yaro muke ajewa nesa da inji da waya a hannu.

Masu nisa irin su Yauri da Zuru da Kamba, ya ce ana iya sikana takarda a can a turo mishi PDF ta WhatsApp a yi mishi taransifa ya tura ya maido da rahoton, wasu na yi. In takardar oda ce ko ta makaranta ba laifi, ku dai tabbatar sikanin na gaske ne a baƙi da fari ba hoton waya mai inuwar hannu ba. In kuwa ta asibiti ce ko mai ɗauke da fasfo da bayanan banki, ni shawarata ka zo da kanka ko ka aiko wanda ka yarda da shi ya tsaya a kai har a goge.