Hoton MRI na kafaɗata: ya nuna kitse, amma bai auna tabo ba

Wata bakwai da na zame na faɗi a kan hannuna na dama, amma ɗaga shi sama da kaina ya gagara. Likitan ƙashi ya yi zargin jijiyar tsokar supraspinatus ce ta yage, ɗaya daga cikin tsokoki huɗu da ke riƙe kan ƙashin hannu a mazauninsa. Sai ya tura ni hoton MRI, wanda ke nuna tsoka da jijiya a cikin jiki.

Ma'aikaciyar ɗakin hoton ta kyauta mini. Sau biyu ta tambaye ni ko akwai ƙarfe a jikina, domin na'urar ƙaton maganaɗisu ce. Ta kifa mini wani abu kamar ƙwarya a kafaɗa, ta tallafe hannun da soso, ta ba ni abin toshe kunne. Kusan minti 30 na yi a kwance ba motsi, ƙara kamar ana sara ƙarfe, kafaɗar kuma tana zugi. Da yanki ɗaya ya fito dishi-dishi don na motsa, ta sake shi ba tare da ta ɓata rai ba.

A gaban kwamfutar likita na gane amfanin wahalar. Yagewar ta fito sarai, amma shi tsokar ya fi zuba wa ido. Lafiyayyar tsoka launin toka take fitowa, tawa kuwa da fararen zane-zane a cikinta. Kitse ke nan, wanda ke maye gurbin tsoka idan jijiya ta daɗe a yage, kuma ko an ɗinke ta ba kasafai yake komawa ba. Likitan ya sa ni a mataki na 2 na ma'aunin kitsen tsoka na Goutallier na 1994, mai hawa daga 0 zuwa 4. Wato tsoka ta fi kitse yawa tukuna.

Ga inda raina bai so ba. Da ido ake yanke wannan mataki, likitoci biyu kan saɓa a hoto ɗaya. Akwai wata dabarar ɗaukar hoton MRI mai suna Dixon da ke raba ruwa da kitse ta ba da kaso cikin ɗari, amma ba a yi mini ba, ba a ma ambata mini ita ba sai bayan an gama. Tabon cikin tsoka kuwa, wanda ke sa ta ƙandare ta ƙi miƙewa lokacin ɗinki, hoton da aka saba yi ba ya auna shi. Likitan ya ce sai ya ja jijiyar a ɗakin tiyata zai ji taurinta.

Duk da haka, waɗancan fararen zane-zanen ne suka sa na daina jan ƙafa. Wata mai zuwa za a yi mini aikin.