Minecraft da tef ɗin awo: filin ƙwallon da ragarsa ta ƙi zama tsakiya

Ƙanena ne ya jawo ni cikin Minecraft, wasan bidiyo da ake gini da bulo a cikinsa. Ya san ni da son awo, mutum ne ni da ba na rabo da tef a aljihu, sai ya zo min da buƙata ɗaya: yana so mu gina filin ƙwallo a cikin wasan, girmansa daidai da na gaske, ba na ƙiyasi da ido ba. Wata huɗu ke nan muna ta gini a ɓangaren Creative, inda bulo ba ya ƙarewa kuma mutum yana iya tashi sama ya leƙo aikinsa. Abin da zan faɗa a nan ya shafi wasan ne a matsayin wurin kwaikwayon gini na gaske. Zancen haƙar ma'adinai da faɗa da dodanni na bar wa masu shi.

Babban abin da ya burge ni tun ranar farko shi ne ƙa'idar awonsa. Kowane bulo mita ɗaya ne tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Ɗan wasan da kake tuƙawa tsayinsa mita 1.8, ƙofa kuma bulo ɗaya faɗi, biyu tsayi, kusan ƙofar gida ta gaske ke nan. Saboda haka duk abin da ka san awonsa da mita, ka riga ka san yawan bulonsa ba tare da ka taɓa kalkuleta ba. Wannan sauƙin ne ya sa a 2014 hukumar taswira ta Denmak ta iya zuba ƙasar baki ɗaya cikin wasan, mita ɗaya bulo ɗaya.

To, da wannan ƙarfin gwiwa muka shimfiɗa fili mai bulo 105 a tsawo, 68 a faɗi, awon da FIFA take so a manyan wasanni. Komai lafiya lau har muka zo kan raga. Faɗin raga mita 7.32 ne, na ce mu sa bulo 7. Ƙanena ya tashi sama ya duba, ya ce, "Yaya, ragar nan ta karkace." Gaskiyarsa. Idan ka cire 7 daga 68 saura 61, wato 30 a gefe ɗaya, 31 a ɗaya gefen. Ba yadda za ka yi lamba mara irin 7 ta zauna a tsakiyar lamba cika irin 68. Haka da'irar tsakiya mai mita 9.15, haka yadi na sha takwas mai mita 16.5, kowanne da ɗan guntun da bulo ba ya iya ɗauka.

Kwana biyu abin yana cina, sai na tsaya kan sunan nan da kowa ke faɗa, yadi na sha takwas. A Ingila aka rubuta dokokin ƙwallo, kuma da yadi aka rubuta su, daga baya aka juya su zuwa mita, shi ya sa lambobin suka fito da wutsiya. Na ce to, mu bar mita, mu ɗauki kowane bulo a matsayin yadi ɗaya, wato mita 0.9144. Nan take komai ya zauna. Raga bulo 8. Ƙaramin gidan gola bulo 6 daga layi, faɗinsa 20. Babban gida bulo 18, faɗinsa 44. Wurin bugun fenareti bulo 12. Daga tsakiyar fili zuwa bakin da'ira bulo 10. Filin kansa ya koma 115 da 74, kuma dubi yadda suka dace: 74 cika ce kamar 8, raga ta samu tsakiya; 115 mara ce, layin tsakiya ya faɗa kan bulo na 58, da 57 a kowane ɓangare. Ban taɓa jin daɗin lissafi kamar na wannan daren ba.

Ba kyauta muka samu ba dai. Ɗigon fenareti dole ya zama bulo biyu a jere, tunda tsakiyar fili ta faɗa tsakanin bulo da bulo. Tsayin raga ƙafa 8 ne, ya kama bulo biyu da kashi biyu cikin uku, muka yi ta da biyu da rabi ta hanyar amfani da rabin bulo. Layin fili na gaske ba ya wuce santimita 12 a faɗi, namu kuwa yadi guda ne cur, don haka muka lissafa shi a cikin awon gidan da ya kewaye, kamar yadda dokar ƙwallo ma ta ɗauke shi.

A nan ne na fahimci inda wasan yake da ƙarfi da inda ƙarfinsa ya ƙare. Manyan abubuwa yana ɗaukarsu da kyau. Da zarar abu ya gaza mita ɗaya sai dabara. Akwai rabin bulo, akwai matakala, akwai gilashi siriri, akwai murfin ƙofar ƙasa da ake tayarwa a tsaye ya zama bango mara kauri, akwai kafet da kaurinsa kashi ɗaya cikin 16 na bulo ne, wato santimita 6.25. Amma duk sirantar abu, gurbin bulo guda yake cinyewa; ba za ka cusa wani bulo a sauran wurin ba.

Ɗakin canza kaya da muka gina a gefen filin shi ya nuna min wannan ƙarara. Bangon gida na gaske bai cika wuce santimita 25 ba, na wasan mita ɗaya ne. Ɗaki mai mita 4 da 3 a ciki, idan ka kewaye shi da bulo ya zama 6 da 5 a waje. Idan kuma awon waje ka riƙe, cikin ya tsuke ya koma kamar akurki. Dole ka zaɓi ɗaya, kuma ni na ciki nake zaɓa duk lokacin da za a shiga ginin a zagaya. Mun gwada ninka sikelin, bulo 4 a kowace mita, bango ya fito da kaurinsa na gaskiya, tagogi suka yi kyau ƙwarai. Sai dai ƙofar ta koma bulo 4 da 8, ƙofar wasan ba ta rufe ta, ɗan wasan ya zama kamar mai tsayin santimita 45, ginin kuma ya ci gurbi ninki 64, domin tsawo da faɗi da tsayi duk sun ninku.

Wani kuskure da na ga masu farawa suna yi, mu ma mun yi shi a tagogin rumfar 'yan kallo: kowace taga tana nesa da 'yar'uwarta da mita 2.4, sai a mayar da ita 2 a yi ta jerawa. Kafin taga ta goma bango ya gajarce da mita huɗu. Maganinsa a riƙa aunawa daga kusurwa ɗaya: 2.4, 4.8, 7.2, 9.6, 12, su zama bulo na 2, 5, 7, 10, 12. Tazarar ba za ta yi daidai wa daida ba, amma ƙarshen bango zai tsaya inda ya kamata.

Abin da na fi jin rashinsa shi ne tef. Wasan bai zo da abin awo ba. A bugun Java na kwamfuta ana danna F3 a ga lambobin X da Y da Z na inda aka tsaya, a bugun Bedrock kuma, wanda ke aiki har a waya, ana kunna su a saituna. Da su muke awo, muna ɗebe wannan daga wancan, kuma a riƙa tunawa da ƙara ɗaya: daga 10 zuwa 20 bulo 11 ne. Babu kuma abin zana da'ira. Tamu a takarda mai gida-gida na fara zana ta, na yi rubu'i ɗaya, muka kwafa sau huɗu. Umarnin /fill kuwa, wanda ake rubutawa ya cika wuri da bulo nan take, ya cancanci yabo. Ciyawar filin gaba ɗaya, bulo 8,510, da layi ɗaya na rubutu muka shimfiɗa ta, tunda iyakarsa 32,768 a lokaci guda.

Mai niyyar dogon gini ya duba sama kafin ya aza tubalin farko. Tun sabuntawar 1.18 ta ƙarshen 2021, duniyar wasan tana tashi daga -64 zuwa 320, bulo 384 ke nan. Hasumiyar Eiffel mai mita 330 za ta shiga, amma sai an fara ta daga can ƙasa, kamar a shimfiɗaɗɗiyar duniyar da ake iya zaɓa a wasan; daga daidai bakin teku ba za ta kai ba. Burj Khalifa ta Dubai mai mita 828 kuwa sai an rage ta, bulo ɗaya ya tsaya a madadin mita biyu da rabi, ta fito kusan bulo 331.

Ga mai son gina fili, gada, titi ko unguwa guda bisa awo, ina ba da shawarar wasan nan da zuciya ɗaya, musamman idan da yaro za a yi, domin ƙanena da ke gudun lissafin ɗigo yanzu shi ke juya ƙafa zuwa mita kafin in buɗe baki. Mai son tsara kicin ko kujeru daidai da santimita ya nemi manhajar zanen gini. Mu dai yanzu rumfar gabas ta rage mana, kuma mun riga mun yanke cewa kowane jeren kujeru zai hau da rabin bulo.