Kwalin Pinewood Derby: motar katakon da ke cinye wata guda

Rukunonin Cub Scouts na Amurka, sashen yara 'yan shekara 5 zuwa 10 na ƙungiyar sikawut, sun saba raba shekara wata-wata, kowane wata da abin da za a sa a gaba. Fabrairu na liyafar tunawa da kafa ƙungiyar a 1910 ne, lokacin zafi na kwanan daji, wurare da yawa kuma Nuwamba na tara wa mabuƙata abinci. Amma babu watan da ke cika zauren taro da iyaye kamar na tseren ƙananan motocin katako da ake kira Pinewood Derby, wanda galibi ake sawa tsakanin Janairu da Maris. Don Murphy ne ya fara shi a 1953 a garin Manhattan Beach na jihar Kalifoniya, saboda ɗansa bai kai shekarun shiga tseren manyan motocin katako da yara ke zama a ciki ba. Kwalin da shagunan Scouting America, wato ƙungiyar sikawut ɗin, ke sayarwa domin wannan tsere shi ne za mu duba.

Kuɗinsa bai kai dala 10 ba, abin da ke ciki ma bai taka kara ya karya ba: guntun katako mai taushi, tsawon inci 7, faɗin inci 1¾, taya huɗu na roba mai tauri, ƙusa huɗu da za su riƙe tayoyin, sai lambobin mannawa da takardar bayani. An riga an tsaga katakon wuri biyu a ƙasa inda ƙusoshin za su shiga. Babu fenti, babu sanfefa, babu ƙarfen ƙara nauyi, babu garin santsi. Duk wanda ya ɗauka kwalin kaɗai zai kai yaro ranar tsere ya yi kuskuren lissafi, don kayan da za a saya daga baya sukan fi kwalin tsada.

Kafin zarto ya taɓa katako, a karɓi dokokin rukunin da yaron yake. Babu doka guda da ta ɗaure ƙasar duka. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne nauyi kada ya wuce oza 5, kimanin giram 141, faɗi har da tayoyi kada ya wuce inci 2¾, tsawo inci 7, sannan a bar tazarar inci ⅜ tsakanin cikin motar da ƙasa. Bayan wannan kowa da kiɗansa. Wasu sun ce dole a yi amfani da tsagar da ta zo da katakon, wasu sun yarda a huda sabbin ramuka. Wasu sun ce tayoyi huɗu su taɓa ƙasa, wasu ba ruwansu. An sha mayar da mota gida daga teburin awo a kan abin da layi ɗaya na takardar doka ya riga ya faɗa.

Katakon ba shi da laifi. Yana yankuwa da ƙaramin zarton hannu, yaro ɗan shekara 7 zai iya goge shi da kansa. Aibinsa a tsagar yake, ba kullum take zuwa a miƙe ba. A auna ta da sukwaya irin ta kafinta tun a rana ta farko. Idan ta karkace, motar za ta riƙa gogar dogon katakon da ke tsakiyar layi tun daga sama har ƙasa, kuma babu gyaran da zai rama wannan asara. Tsaga ɗaya ta fi kusa da bakin katakon, can ya kamata ya zama baya.

A wajen ƙusoshin ne gizo ke saƙa. Kamar yadda suka fito daga kwali ba su dace da tsere ba: a ƙarƙashin kan kowace akwai ɗan tsinin ƙarfe da injin ƙira ya bari, a jikinta kuma akwai zane-zane masu kaushi. Duka biyun suna cin robar taya. Gyaran shi ne a ɗaure ƙusar a bakin injin huda, babba ya riƙe injin, a sa ƙaramin magagari a share tsinin, sannan a bi da sanfefa mai laima a jere, lamba 400, 600, 1000, har 2000. Kowace ƙusa za ta ci kamar minti 10. Kada a zarce da gurza, don idan ƙusa ta rame taya zai riƙa rawa a kanta, motar ta yi ta kaɗa gindi. Mu a ganinmu wannan kaushi ba abin ƙorafi ba ne sosai, shi ne ma wurin da yaro ke gane dalilin da ya sa abu mai santsi ya fi gudu, tunda da yatsansa zai ji bambancin kafin da bayan gogewa.

Sai nauyi. Motar ba ta da inji, gangara ce ke tura ta daga tudun da ya kai kamar ƙafa 4, a kan layin da tsawonsa kan kama daga ƙafa 32 zuwa sama da 40. Da an sassaƙa katakon nauyinsa ya faɗi ƙasa da oza 5 nesa ba kusa ba, dole a cike gurbin. Inda aka sa ƙarfen ya fi yawansa muhimmanci. Nauyin da ke baya yana farawa daga wuri mafi tudu, saboda haka yana ci gaba da tura motar bayan gabanta ya sauka kan shimfiɗa. A ɗora motar da aka gama a kan kaifin rula: ya kamata ta daidaita a wajen inci ¾ zuwa inci 1 gaban ƙusar baya. Idan aka matsa baya fiye da haka gaban zai yi sakayau, motar ta ɗaga kai ko ta tsallake layi. Dalma tana da arha amma guba ce, ba a ba yaro ya gurza ta. Ƙarfen tangistan ya fi ta nauyi kusan ninki 1.7 a girma ɗaya, shi ya sa yake shiga ƙaramin rami, sai dai kuɗinsa ya ninka na kwalin. Wanda ba ya son kashe kuɗi, kwabbai da wasoshin ƙarfe ma suna yi. Abin da ba a so shi ne a manna ƙarfe a cikin motar ta ƙasa ya leƙo, zai kama dogon katakon tsakiya. A haƙa masa rami ya nutse.

Siffa kuwa, wadda yara suka fi damuwa da ita, ita ce mafi ƙarancin tasiri. A bar yaro ya yi kifi, ko takalmi, ko motar kashe gobara. Sharaɗi ɗaya ne, kada hancin ya yi tsini, don a kan ɗan sanda ake jingina motoci kafin a sake su, kuma hanci mai tsini yakan zame. A bar shi da faɗin rabin inci.

Yadda kwalin ya dace da tsarin wata shi ne babban abin yabonsa, in an raba aikin a kan taron mako-mako. Makon farko zane a takarda da yanka. Na biyu guga da fenti, shafe biyu ko uku marasa kauri, don fenti mai kauri yakan kwana bai bushe ba, ya kuma ƙara nauyi. Na uku ƙusoshi da tayoyi. A nan ake busa garin santsi, wato girafait, cikin ramin taya a juya shi sosai, kuma sai fenti ya bushe ƙayau, in ba haka ba garin zai manne ya ɓata motar. Yawancin rukunoni sun hana mai, yana ɗiga ya ɓata layi. Tsakanin taya da jikin mota a bar tazarar kaurin katin banki. Manne ɗigo ɗaya ne a tsakiyar tsaga, nesa da taya, domin idan ya gangara cikin ramin an gama da wannan tayan. Mako na huɗu gwaji: a ɗan karkata tebur a saki motar, a ga ko tana tafiya a miƙe. Rukunin da ya raba kwalaye a Disamba ya huta. Wanda ya raba saura mako guda, iyaye ne za su ƙera motocin da dare.

Wannan ma ita ce tsohuwar cutar tseren. Uba ya karɓe aikin, yaro ya zama ɗan kallo, ranar tsere kuma kowa ya gane motar da hannun ɗan shekara 6 bai taɓa ba. Wanda ya taso yana ƙera motar kara ya san daɗin yana wajen ƙirar ne. Rukunoni masu dabara sukan buɗe wa iyaye da 'yan'uwa nasu tseren daban, kowa ya sayi kwalinsa, sannan su shirya ranar aiki a wuri guda da kayan aiki na kowa da kowa, saboda yaron da babu zarto a gidansu. Injin yanka na babba ne, sanfefa da fenti da garin santsi na yaro.

Ranar awo a zo da motar tana ɗan ƙasa da iyaka, kamar oza 4.9, da ɗan ƙullin nauyi mai mannuwa a aljihu. Sikelin gida da na alƙalai ba safai suke yin daidai ba, na alƙalai kuma shi ne hukunci. Ƙarawa minti ɗaya ne, ragewa kuwa sai an huda motar da aka sha wahalar fentinta. Masu shirya tseren su ma su guji tsarin da ake fitar da mota da ta sha kaye. Gudun na kimanin daƙiƙa 3 ne, kuma layukan ba su cika zama daidai ba, wani ya fi wani santsi. Gara kowace mota ta bi kowane layi sau ɗaya a haɗa lokutanta, ta haka in layuka huɗu ne ko yaron da ya zo na ƙarshe zai ga motarsa ta sauko sau huɗu.