Malaman labarin ƙasa na Kaduna, ku yi hattara da mai tallar taswira

Jama'a, akwai wani mutum da ke bin makarantu yana tallar taswirorin bango da ƙwallon duniya da kamfas. N185,000 ya karɓe mana, kuɗin da iyayen yara suka tara da ƙyar.

Kada wani ya ce ba mu duba ba. Samfurin da ya shimfiɗa a kan tebur mai kyau ne, wallahi mai kyau ne. Mun ɗora rula a kan sikelin 1:50,000, santimita 2 ta ba da kilomita 1 cif. Kibiyar arewa tana nan, mabuɗin alamomi yana nan. Har yana cewa, "Ranka ya daɗe, ku masana ne, ina ni ina cutar ku?" Wannan maganar ce ke ci mana rai har yau.

Kayan da aka sauke a tashar Kawo daban ne. Taswirar Najeriya babu Zamfara, babu Gombe, babu Nasarawa, wato ta kafin 1996 ce. Ta Afirka kuwa Sudan ɗaya ce dunƙule, alhali Sudan ta Kudu ta ɓalle tun 2011. Hotuna ne ya kwaso daga intanet, ya ja su ta faɗi don su cika leda. Da an ja taswira ta gefe ɗaya, sikeli ya mutu, duk nisan da yaro ya auna ƙarya ne.

Ta tsoffin dauloli ce ta fi ɓata rai. An musanya sunan kogunan Dijla da Furat, ga Bagadaza zaune a bakin "Furat". Dijla ce a gabas, Furat a yamma, Bagadaza kuma a kan Dijla take. Ta Masar ba kibiyar arewa, ta yaya za ka nuna wa yaro cewa kogin Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa Bahar Rum? Nok, garin tarihi da ke nan ƙaramar hukumar Jaba, ko ɗigo bai samu ba.

Af, tun kafin kayan su iso ya matsa a cika masa kuɗi, wai mota za ta tashi. Kafin alƙalami N85,000, ciko N100,000. N185,000 ke nan, ba rasit.

Ƙwallon duniya tsaye yake ƙiƙam, babu karkatar digiri 23.5, ba ya koyar da sauyin yanayi. Kamfas goma mun gwada ɗaya bayan ɗaya a fili, nesa da ƙarfe, uku ne kawai suka nuna arewa. Yanzu wayarsa a kashe, shagon da ya kwatanta kuma na ɗinki ne.

Hotunan kayan da shaidar tura kuɗi suna nan tafe. Kada ku biya ciko sai kun warware kowace taswira a gabansa, da rula a hannu.