Risho ko gas a tafiyar kwale-kwale: amsa ga mai shirin zuwa Lagdo

Ɗan'uwa, tsakanin rishon kananzir da ƙaramin murhun gas da ka tambaya, gas za ka ɗauka. Amma ba kowane gas ba.

Nawa ƙirar kamfanin Campingaz ne, mai gwangwanin da ake cirewa a mayar, kuma shekara huɗu ke nan yana bi na. Bara da hunturu mun kwana a kan wani tsibiri a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru, ni da ƙanena. Tun da aka datse kogin Binuwai a 1982 ruwan wurin ya yi faɗi, ba abin da ke tare iska. Da asuba hannuna har rawa yake don sanyi, tabarma duk ta jiƙe da raɓa. Na girka murhun a kan yashi, na kifa kwale-kwalen ta gefen da iska ke busowa, kafin ƙanena ya gama alwala shayi ya tafasa. Wani masunci ya ratso ya ba mu karfasa biyu, a kansa muka soya su. Da muka tashi na cire gwangwanin, na naɗe kan murhun a tsumma, duka suka shige cikin tukunya ɗaya. Gwangwani mai giram 450 yana kai mu kwana uku, shayi da safe, girki da yamma.

Risho kuwa, arha ce kawai da shi, sai kuma kananzir da ake samu a ƙauyuka. Na taɓa saya. Igiyar ruwa ta jijjiga jirgin, man ya tsiyaye cikin shinkafa, lagwani ya jiƙe, muka wuni da yunwa.

Ka kula da gwangwani mai giram 190, wanda murhu ke hudawa. Idan ka ɗaura shi ba ya ciruwa sai ya ƙare, ga shi kaya na gogar juna a cikin jirgi. Bar shi don gida.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Akwai masu sake ɗura tsohon gwangwani su sayar a matsayin sabo. Duba bakinsa da gindinsa, in ka ga tsatsa ko lotsawa, ajiye musu kayansu. Ka sa mai shago ya kunna murhun a gabanka, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar. In ya yi kumfa, yana yoyo. Kuma ka sayi isasshe tun daga birnin Garwa, kafin ka isa Lagdo, kada ka sa rai da samu a bakin ruwa.

Don Allah kada ka kunna wuta cikin jirgi, sai ka fita gaɓa. Zafin Maris da Afrilu a nan yakan wuce digiri 40, saboda haka ka tura gwangwanin can ƙarƙashin kaya inda rana ba ta kaiwa.