Mun shiga ɗakin yara masu otizim na filin jirgin Gatwick

Ni dai duk ranar da za mu hau jirgi da yarona tun daren jiya barci ke ƙaurace min. Shekararsa shida, yana da otizim, wanda wasu ke ce wa galahanga, kuma filin jirgi ya haɗa duk abin da ba ya so, lasifika na ta sanarwa, fitilu fau kamar rana, ga turaren shagunan nan, ga mutane na gogarsa. Sai ya toshe kunne ya zube ƙasa yana ihu, mutane kuma su bi ni da ido kamar ni ce na kasa tarbiyya.

Wannan karon wata maƙociyata ta ce in nemi ɗakin da suka buɗe tun 2018 a North Terminal, wato ɓangaren arewa na filin jirgin Gatwick da ke Ingila. Kyauta ne, ana kama lokaci tun kafin a zo, minti 45 suke bayarwa, kuma sai an wuce bincike ake shiga.

Wallahi da muka shiga ni kaina sai da na sauke ajiyar zuciya. Haske a dushe, babu hayaniya, ga kushin masu taushi a ƙasa, wani gefen kuma na wasa ne mai abubuwan taɓawa da ke canza kala. Shi gogan bai ko kalli gefen wasan ba, fitila ɗaya ya samu ya zauna gabanta yana kaɗa hannu yadda ya saba, na fi minti goma ban ce masa kanzil ba, can na ga ya sauke hannu daga kunne da kansa. Amfanin kenan, yaron ne ke zaɓar abin da zai gani da wanda zai taɓa maimakon komai ya rufto masa lokaci guda. Mutanen Holan ne suka fara irin wannan ɗaki tun wajen shekarun 1970.

Kar wata ta ɗauka magani ne fa, da muka fito layin shiga jirgi ya ɗan yi rigima, amma ta lallashi ce, biskit ɗaya ya kashe ta.

Ki karɓi igiyar wuyan nan koriya mai furen sunflower ki rataya masa, a Gatwick ɗin aka fara ta a 2016, ma'aikata na ganinta sun gane yana da lalurar da ba a gani da ido, ba sai kin tsaya dogon bayani ba. Ki kuma taho da abin toshe kunnensa don cikin jirgi.